Reshe Uku Daga Argungu

Shekarar da idon Inna ya tafi, ni ce na je Argungu na ɗauko ta, kuma ba da daɗin rai ta biyo ni ba. Lokacin muna cikin jihar Sakkwato, Birnin Kebbi bai cika haka ba, in rana ta take sai ka ji garin tsit. Ina koyarwa a wata firamare a unguwar Nasarawa, maigidana kuma ma'aikacin gona ne, kullum yana kan babur tsakanin ofis da fadamar Zauro. Babanmu ya shekara biyu da rasuwa. Ƙanwata tana aure can nesa, 'yan'uwanmu maza kuwa duk sun koma tun suna ƙanana. Inna ita kaɗai ce a gida, farar yana ta rufe mata ido biyu, tana lalube daga ɗaki zuwa madafa. Ranar da aka aiko min cewa gefen zanenta ya kama wuta a murhu, sai da maƙwabta suka jiyo ƙauri suka shigo, a ranar na nemi izini a makaranta na hau mota.

Ta ƙi, kuma dama na san za ta ƙi. A wajenmu uwa ba ta zama gidan da 'yarta ke aure, abin kunya ne babba. Ga shi kuma ni ce 'yar fari, wadda ko sunana ba ta taɓa faɗa ba. "Ke" take ce min, in ta ji daɗi ta ce "yarinyar ga", alhali ina da 'ya'ya uku.

"Ni in zauna gidan suruki?" in ji ta. "Ke, kina da hankali kuwa? Mi mutane za su ce?"

Na ce, "Inna, in wuta ta cinye ki fa, me za su ce?"

"Su ce kwana ya ƙare."

Ni mai saurin fushi ce, kowa ya sani, har yaran ajina sun san ranar da ba a wasa. Da na ga zan faɗi abin da zan yi nadama, sai na aika Gulma aka kira Kawu, ƙanenta, manomin shinkafa mai sanyin magana. Ya zo ya zauna a gindin lallen da ke tsakar gida, ya yi ta lallashi tun hantsi har azahar. Shi ma ya so ya ɗauke ta, amma gidansa ɗaki biyu ne da mutum goma sha, kuma babu asibiti kusa.

Bari in faɗi lallen nan, don a kansa maganar take. Babanmu ne ya dasa shi shekarar da aka kawo Inna gidan. Da na yi wayo ya riga ya wuce katanga, gindinsa ya kai kaurin cinyar mutum, rani da damina ganyensa shar. In ya yi fure, 'yan ƙanana farare masu ɗan ja-ja a ciki, tun daga bakin zaure za ka san ka iso gidanmu. Inna takan tsinki furen ta shanya a faifai, ta barbaɗa tsakanin zannuwanta. Duk abin da na sani na ƙamshin uwa, wannan ne.

Can da ta gaji da Kawu, sai ta miƙa hannu ta dafa gindin itacen.

"To, ku ji," ta ce. "A yanki reshe a tahi da shi. In ya kama ƙasar can har ya yi hure, ni ma na kama. In damina biyu ta wuce bai yi ba, kai da kanka za ka zo ka maishe ni ɗakina, kuma kada wanda ya ƙara yi min magana."

Hure take cewa, irin bakinmu na can. Na yi wuf na ce na yarda, har ina dariya a zuci. Lalle ne fa. Abin da ko a bayan gida ka soka shi sai ya tsiro, shi za a ba damina biyu? Kawu ya dube ni ya dubi yayarsa, ya ciro wuƙa ya yanko reshe uku masu kaurin yatsa, muka naɗe su a jiƙaƙƙen buhu.

Reshe na farko maigidana ne ya kashe shi, Allah ya ba shi haƙuri, har yau ina tuna masa. Ya ce shi ne masanin gona, a bar masa. Ya samo tsohon gwangwanin man gyaɗa, bai huda gindin ba, ya cika da laka daga Zauro, ya riƙa kwarara ruwa safe da yamma har ruwan ya kwanta a sama. Na ce, "Malam, wannan fa ba shinkafa ba ce." Ya ce in sa ido. Na sa ido, kwana goma reshen ya yi baƙi ya ruɓe.

Na biyu ni na dasa da hannuna a jikin katanga, wajen da ƙasar ke da ɗan yashi, na kewaye shi da ƙaya saboda awaki.

Na uku kuwa kyautar da shi na yi. Maƙwabciyarmu ta bayan katanga Kirista ce daga wajen Jos, mijinta yana aikin famfo, ita kuma tana ɗinki a gida. Maman 'Yan Biyu muke ce mata. Mun saba, mu kai musu naman Sallah su kawo mana shinkafar Kirsimeti. Tana da wata ɗabi'a da nake yi mata tsiya a kai: ƙofar ɗakinta cike take da gwangwanaye, kowanne da furensa, babu ko ɗaya da ake sawa a miya. Ta shigo yi wa Inna sannu da zuwa, ta ga reshen a buhu, ta ce, "Malama, wannan fa? Ba ni in gwada." Na ba ta. Bayan wata biyu na shiga gidanta karɓar ɗinki, na hangi gwangwanin da ta sa shi babu komai ciki. Na ce a raina shi ma ya bi na maigida. Ban tambaya ba, don ba a bin sawun kyauta.

Nawa ya kama. Kafin damina ta ɗauke ya fitar da 'yan rassa, ganye ƙanana masu sheƙi. Da rani ya shigo ban sha wahalar ban ruwa ba, domin Inna ta mayar da gindinsa wurin alwalarta. Sau biyar a rana za ta bi katanga da hannu, buta a ɗaya hannun, ta tsuguna kusa da shi. In ta gama sai ta shafa ganyen da yatsa, kamar mai duba goshin yaro ko da zazzaɓi. Ina ganin haka sai hankalina ya kwanta.

Zaman nata dai ba zama ba ne. Maigida ya gyara mata ɗakin baya, ya sa aka kafa zana don kada su riƙa haɗuwa. Da safe zai tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a bayan zanar ya gaishe ta, ita kuma ta ja mayafi ta juya fuska bango ta amsa can ƙasa-ƙasa. In yana gida ba ta cin abinci, ba ta tari da ƙarfi. Na saya mata akwatin ƙarfe sabo mai zanen furanni, ta shafa ta ce ya yi kyau, ta tura shi ƙarƙashin gado. Kayanta suna nan a ƙunshe cikin zane ɗaya a wajen kanta, in ta ciri abu sai ta sake ƙullewa. Kullum na shiga share ɗakin sai ƙunshin nan ya tsaya min a rai.

Ana saura kwana kaɗan ƙaramar Sallah aka fara sallama.

"Wai an ce a sam mana lalle."

Yarinya ce da 'yar kwarya. Ban san yadda labari ya fita ba, amma unguwa ta ji cewa gidan Malama akwai lallen Argungu. Ana sayar da dakakke a kasuwa, amma kowace mace ta san ɗanyen da aka tsinko aka shanya a gida ya fi kamawa. Kuma lalle a wajenmu yana cikin abubuwan da ba a hanawa, shi da garwashin wuta da ruwan sha. Ba a saye, ba a godiya mai tsawo, a ɗiba kawai a tafi. Na ce ta ɗiba kaɗan. Ta kama kan reshe, ta zage ganyen tun daga sama har ƙasa, ta karya ɗan tsinin. Haka kowa ke yi, ni ma haka na tashi ina yi.

Bayanta wata ta zo, bayan wata wata. Sallah ta wuce, aka shiga bukukuwa. Mai suna za ta yi ƙunshi, mai biki za ta sa amarya a lalle, wannan ɗanta ƙuraje sun feso masa za ta dafa ta yi masa wanka, waccan yatsa ke mata zugi. Ɗan itacen da bai kai ƙuguna ba, shi ne ya ɗauki Nasarawa a ka. Da ya yi sabon toho sai a zo. Sannan na lura da abin da ban taɓa lura da shi ba duk zamana a gidanmu: furen lalle a tsinin sabon reshe yake fitowa, daidai wurin da masu ɗiba ke karyawa.

Na shiga dabara. Na samo tsohuwar komar kamun kifi na lulluɓe shi, na ce saboda tsuntsaye. Mata suka ɗaga komar suka ɗiba suka mayar, har suna yaba min tsafta. Na koma ƙarya. Wata ta aiko yarinya, na ce a gaya mata maigida ya fesa masa maganin ƙwarin albasa, ba ya taɓuwa. Ban rufe baki ba na ji murya daga bayan zana.

"Ba a hesa komi ba, ɗiyata. Ɗebi abinki."

Kunya kamar in nutse. Yarinyar ta dube ni, ni malamarsu a makaranta, ta sunkuyar da kai ta ɗiba ta fita.

Damina ta biyu ta sauka da ƙarfi. Mutane suka koma gona, bukukuwa suka yi sauƙi, lallen ya samu sararin numfashi. Ya yi tsawo har ƙirjina. Wata safiya ina shirin makaranta na duba, sai ga wasu 'yan ƙulli kore a kan rassa huɗu, cunkus kamar tsabar gero. Wallahi sai da na ajiye jakata na tsuguna. Ban gaya wa kowa ba, ko maigida. Kullum in na dawo, kafin in cire mayafi sai na je na duba. Suna ƙara kumbura, bakinsu ya fara yin fari. Na ƙiyasta kwana biyar ko shida su buɗe.

A rana ta uku wata dattijuwa ta yi sallama, daga layin bayanmu take, mutuniyar kirki wadda ta yi min wankan jegon autana. Ba aike ta yi ba, da kanta ta zo, da faifai babba. Za ta aurar da 'yarta ta ƙarshe, tana son lallen amarya da na ƙawaye.

Na tsaya tsakaninta da itacen. Na ji bakina yana cewa, "Gwaggo, ki yi haƙuri, wannan karon ba na bayarwa."

Ta yi tsaye kamar ba ta ji ba. Sannan ta ce, "To. To, Malama. Allah ya huci zuciyarki." Ta kifa faifan a ƙirji ta juya.

"Wa aka hana ma lalle cikin gidan ga?"

Inna ce, ta fito ba mayafi, hannu a katanga. Ta kira dattijuwar ta dawo, ta ba ta haƙuri, ta ce yarinya ce, boko ya ɗauke mata hankali. Ta karɓi faifan ta laluba har gindin itacen. Ina tsaye ina kallo ta kama reshe na farko. Na ga yatsunta sun taɓa ƙullin furen, sun tsaya a kai ɗan lokaci. Ta san ko mene ne, ai ta fi ni sani. Sannan ta zage shi har ƙasa ta karya tsinin. Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya har faifan ya cika.

Da baƙuwar ta fita, na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga wa Inna murya.

"Kin ji su da hannunki! Kwana uku ya rage, Inna, kwana uku! Dama ba ki so ya yi furen ba. Tun a Argungu kin san haka za a yi, kika bar ni ina ta wahala kamar mahaukaciya!"

Ba ta yi fushi ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Ta kakkaɓe hannu a zane ta zauna a kan turmi.

"Na sani," ta ce. "Nawa na gida ya shekara bakwai kahin ya yi hure. Sai da ya hi hannun mutane tsawo. A ɗebi na ƙasa, na bisa ya yi abinai. Ƙarami ba ya hure cikin mutane."

"To don me kika ce damina biyu?"

"Don ina son ɗakina." Sannan ta ƙara, "Amma ban hana shi ruwa ba, kin gani da idonki. Kuma ban taɓa hana macce lalle ba tun da anka kai ni gidan ubanki. Ba ni farawa yanzu don in zauna, ba ni kuma farawa don in tahi."

Na shiga ɗaki na yi kuka mai isata, na fito na ɗora tukunya.

Daga nan na saki. Ruwa ya fara ja baya, shinkafa ta fara nuna a fadama. Maigida ya gwada tasa, ya aika ta bakina cewa zai kama mata ɗaki a kusa, ba cikin gidansa ba, ta ce a gode masa, alkawari alkawari ne. Ni da kaina na aika wa Kawu. Ya aiko cewa zai zo ranar Juma'a ta sama, in an sauko daga masallaci su kama hanya. Na fara tunanin yarinyar da zan nema a Argungu ta riƙa kwana da ita, da wanda zai riƙa hura mata wuta. Duk wadda na tuna sai in ga ba ta yi min ba, sai in ga gefen zanen nan yana ci da wuta.

Ranar Laraba da la'asar aka yi ɗan yayyafi, irin na bankwana, wanda ko ƙasa bai gama jiƙawa ba. Iska ta juyo daga bayan gida. Ina tsintar shinkafa a tire, Inna tana kan tabarma da carbi, mun kwana biyu maganarmu ba ta wuce gaisuwa. Sai na ga ta ɗaga kai.

"Ke. Mi ni ka ji?"

Na shaƙa. Na ce, "Ƙasa ce ta jiƙa."

"Ba ƙasa ba ta."

Ta ajiye carbin ta tashi. Ta bi katanga, ta wuce lallenmu da ke tsaye tsirara, ko taɓa shi ba ta yi ba. Ta wuce zana, ta shiga ɗan lungun da ke bayan ɗakinta inda muke jingine tsofaffin tabarmi. Na bi ta da tire a hannu. A nan ƙamshin furen lalle ya same ni. Shekara nawa rabona da shi, amma sai na ji ni a bakin zaurenmu da allo a hannu, ana kiran mu cin tuwo.

Na sha tunanin wannan daga baya. Da farko ita kaɗai ta ji shi. Da ta yi shiru ta ci gaba da jan carbinta, iska za ta juya, Juma'a ta zo, shi ke nan. Ba ta yi shirun ba.

"Gidan wa na nan baya?"

"Gidan Maman 'Yan Biyu."

"Ɗauko min mayahi."

Tun da ta zo garin, in ba asibiti ba, ba ta taɓa taka ƙofar gida ba. Na riƙe mata hannu muka zagaya. Maman 'Yan Biyu tana kan keken ɗinki a baranda, ta gan mu ta miƙe da sauri har almakashi ya faɗi.

"Mama! Lafiya? Sannu da zuwa, ku shigo, bari in kawo kujera."

Inna ta ce, "Ba zama na zo ba, ɗiyata. Kai ni wurin lallenki."

"Wane? Au, itacen Malama? Yana baya."

Ta ja mu bayan madafarta, wani ɗan wuri tsakanin bango da katangarmu inda take zubar da ruwan wanke-wanke. Ga shi nan tsaye, ya kai kafaɗata, ya yi rassa ko ta ina, babu wanda ya taɓa cire masa ganye ɗaya. Kowane tsini ɗauke da fure, ƙudan zuma suna ta kai da kawowa.

Na ce, "Ke! Ba ya mutu ba? Na ga gwangwanin babu komai."

"Ya mutu ina? Gwangwanin ne ya yi masa kaɗan, na mayar da shi ƙasa. Shekaranjiya ne ya fara buɗewa. Ina ta cewa zan kira ki ki gani, ɗinkin bikin nan ne ya riƙe ni."

"Ba wanda ya zo ɗiba?"

Ta yi dariya. "Wa zai zo neman lalle a gidana, Malama? Ni ba na ƙunshi. Ƙamshin ne kawai nake so."

Gaskiyarta. Duk matan da suka yi wa nawa tas, kullum suna shiga gidan nan kai ɗinki, amma ba wadda ta taɓa kawowa a ranta cewa akwai lalle a bayan madafar Kirista. Ni kaina da na ba ta reshen ban kawo ba.

Inna ta saki hannuna. Ta laluba ta kama reshe, ta bi shi a hankali har tsini, ta tallabo furen a tafin hannu ta kai fuskarta. Ta daɗe a haka. Na ga hawaye yana bin kuncinta daga fararen idanun nan, ba ta share ba. Maman 'Yan Biyu ta dube ni a tsorace, na girgiza mata kai.

Maganar tana bakina: Inna, ga shi ya yi fure, kuma damina ba ta ƙare ba. Na san in na faɗa za ta ce ba a gidana ya yi ba, ni kuma in ce ai reshen ɗaya ne, mu koma gidan jiya. Na cije leɓe. A rayuwata ban taɓa riƙe bakina kamar ranar ba.

Can ta ɗago ta ce, "Uwar tagwaye, a sam min hure kaɗan."

"Haba Mama, ai naki ne. Ɗebi duka."

"Kaɗan dai."

Ta tsinki kamar cikin hannu biyu ta ƙulle a bakin mayafi. Sannan ta tsuguna ta shafa gindin, murya ta koma irin wadda na sani.

"Kin bar mai rassan ƙasa da yawa, suna shanye ƙarhinai. A rage su in ruwa ya ɗauke. Ga tururuwa kuma, ki zuba toka. Kuma ruwan sabulu ya yi yawa wurin ga, ba ya so."

"To Mama, zan gyara."

"Da rani wa ka ba shi ruwa?"

"Ni ce. Sai dai in mun tafi gida Kirsimeti, mukan yi kusan wata guda. Bara da na dawo furannina rabi sun bushe, shi ma ya sha wuya, ganyen duk ya zube."

Inna ta yi tsaki. "Wata guda ba ruwa, ga shi ƙarami? Wanga ai zalunci na." Ta dafa gwiwa ta miƙe. "Bana in za ku tahi, ki bar min makulli."

Kirsimeti saura wata uku. Na lissafa a raina sau biyu don kada in yi kuskure. Na kama hannunta muka fito.

Da muka koma ta shiga ɗakinta, ni kuma na tsaya a bakin ƙofa kamar mai neman tsintsiya. Ta jawo ƙunshin kayanta ta kwance, ta riƙa ɗaga zannuwan ɗaya bayan ɗaya tana barbaɗa furen a tsakani. Da ta gama ta kama bakin zanen za ta ƙulle, sai ta tsaya.

"Ke. Cikin ƙunshi ƙamshin hita yake. Ina akwatin nan?"

Na durƙusa na jawo shi daga ƙarƙashin gado, na goge ƙurar da gefen zanena.

Kawu ya zo ranar Juma'a kamar yadda ya ce. Ya ci tuwo, ya sha fura, ya leƙa ɗaki ya ce, "Yaya, in an shirya mu kama hanya kada rana ta yi."

"Ka gaida mutanen Gulma," in ji ta. "Ni an bar min amana, ba ni da lokacin tahiya."

Ya juyo ya dube ni, ya dubi lallenmu da ba ko ganyen kirki a jikinsa. Na ce masa labarin mai tsawo ne, zan raka shi tasha.

Da Kirsimeti ta zo Maman 'Yan Biyu ta kawo makullin da kanta, Inna ta ƙulle shi a gefen zanenta, gefen nan da na taɓa tsoron wuta ta kama. Kowace safiya sai in ga ta fita da buta, hannu a katanga, ba ta yarda kowa ya raka ta. Har sauran gwangwanayen ta riƙa bai wa ruwa, tana mita wai abin da ba a ci ba a sha. Ta zauna da mu har ƙarshen kwananta, kuma har ta rasu ba ta daina juya wa maigidana baya in ya zo gaisuwa ba.

Namu na tsakar gida bai taɓa yin fure ba har muka bar gidan. Ban ƙara hana kowa ba.